Yadda Aka Yi Na Zama Isuhu Hadari

Duk cikinku babu wanda bai taɓa jin an kira ni Isuhu Hadari ba. Wasunku sun yi dambe a lakwal, wato makarantar boko, saboda sunan nan, wasunku kuma, na sani, kuna faɗinsa a bayan idona kuna ƙyalƙyala dariya. Rabi, kar ki sunkuyar da kai, da ke nake. Labarin da ke yawo a Mayahi shi ne wai ni na ce za a yi ruwa, kakanku Baba Nomau ya zuba irin gyaɗarsa kaf cikin busasshen rairayi, ruwa kuma ya ƙi zuwa sai da irin ya mutu. Haka aka yi, ban musa ba. Amma rabin labarin ke nan. Sauran rabin na riƙe shi a ciki tun kaina yana baƙi, yanzu kuwa duk waɗanda zai iya kunyatawa sun riga mu gidan gaskiya. Uwarku ta yarda in rubuta, da sharaɗin kar in ƙara gishiri, ga ta nan zaune kusa da ni tana sa mini ido.

A shekarun da aka samu mulkin kai, Nasara suna ɗaure kayansu, sai aka rasa masu riƙe wayar iska a barikokin daji. Ni na ɗan yi lakwal, kuma Allah Ya ba ni kunne, sai aka koya mini aikin na ƴan watanni aka turo ni Mayahi. Lokacin ƙasar nan gyaɗa take ci, gyaɗa take sha. Da ita ake aure, da ita ake sayen jaki, duk saƙon da ya bi ta hannuna in ba na haraji ba ne to na gyaɗa ne: a turo buhuna, a turo mota, sikeli ya lalace. Ɗakin aikina ɗan ƙarami ne, a manne da gidan da aka ba ni. Ciki akwai akwatin ƙarfe mai allura a goshi, da batura, da abin sawa a kunne. A waje kuma akwai antan, wato doguwar waya da aka ɗaura tsakanin sanduna biyu, kowane gefe da ɗan tangaran mai kama da ƙwan zabo don kar wayar ta taɓa itace. Sanda ɗaya tana gaban bariki, ɗayar tana tsakar gidana ta baya, daga nan wayar ke gangarowa daidai kan mutum ta shiga ta wata ƴar kafa a bangon ɗakin aiki. Sau uku a yini nake kiran Tasawa: da safe, da azahar, da la'asar. Mai amsa ni a can sunansa Abarshi. Sai da muka yi shekara biyu muna magana kullum kafin in ga fuskarsa, amma ko cikin mutum ɗari ya yi tari zan gane shi.

Wanda ya koya mini aiki wani tsohon soja ne, marar haƙuri, amma ya san abinsa. Shi ya ce mini ruwan sama ba ya tare irin wannan magana a cikin iska kamar yadda mutane ke zato. Abu biyu yake yi. Na farko, walƙiyar hadari, ko da tana can nesa inda ido ba ya kaiwa, tana faɗowa cikin akwati ta yi ta ƙara kamar ana suyar gyaɗa a kasko. Na biyu, in ruwan ya sauka ya jiƙa antan da ƙwayayen tangaran, sai ƙarfin maganar ya tsiyaye ta jikin itace ya shige ƙasa, muryar mutum ta dusashe, allura ta kwanta. Don haka ya kafa mini doka: kowace safiya in zagaya in duba wayar daga wannan sanda zuwa waccan, in share tangaran, kar in bar ko yanar gizo a kai.

Da damina ta farko ta kama ni a Mayahi sai na lura da wani abu. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, Tasawa kuwa tana gabas da mu. Duk ranar da na kira Abarshi da azahar na ji suya ta cika kunne, muryarsa kuma ta dusashe, to ruwa ya sauka a kan wayarsa, kuma kafin la'asar ta yi sanyi zai iso mu. Wata rana na ce wa uwarku ta kwashe shanyar kuka da ta baza, sama kuwa tas babu ko ɗigon girgije. Ta kwashe tana gunguni. Ba a jima ba aka ɓarke da ruwa, maƙwabta suna ta gudu da tabarmi. Uwarku, Allah Ya saka mata, kafin magariba ta gaya wa unguwa duka. Karo na biyu na aika wa wani mai yaɓen soro cewa ya dakata, ya dakata, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shi ke nan, na zama abin kallo. Mata masu daddawa, masu rini, masu biki, kowa sai ya biyo ta tagata ya tambaya, har da kirana Mushe, wato Malam a bakin Faransawa.

“Mushe Isuhu, mi akwati ya ce yau?”

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Kaina ya kumbura har hula ta fara matsa ni. Na koma fita kasuwa da abin kunnen rataye a wuya, ba ya haɗe da komai, igiyarsa tana cikin aljihuna. In aka tambaye ni sai in ɗan runtse ido in yi shiru tukuna, kamar ina sauraren wani abu. Uwarku ta ce in rubuta cewa har tafiyata ta sake, to na rubuta.

Mutum ɗaya ne bai yarda da ni ba, shi ne Baba Nomau, uban uwarku. Ƙauyensu yana arewa da gari kaɗan, tafiyar da jaki zai yi bai ko yi gumi ba. Tsoho ne mai faɗa, mai gaskiya, kuma kafin zuwana shi ake tambaya zancen ruwa, don yana karanta zuwan shamuwa da zubar ganyen gawo da yadda tururuwa ke kwashe ƙwanta. Da aka ba shi labarina sai ya ce:

“Akwati ya san ruwa? Ya taɓa riƙe sungumi?”

Amma tsohon yana da damuwarsa. Gonarsa babba ce, ƴaƴansa duk mata ne sun yi aure, kuma ranar da aka yi ruwan shuka kowa gonarsa yake nufa da gero, ba mai samun hannun taya wani. Kowace shekara sai ƙasa ta fara bushewa kafin ya gama shuka gyaɗarsa. In da zai san ranar ruwa tun kafin ya sauka, sai ya kira gayya a yi bizne, wato a binne iri a busasshiyar ƙasa ruwa ya zo ya tarar da shi. Gero yana jure wannan, yana iya kwanaki a ƙasa yana jira. Gyaɗa ba ta jurewa. In ta daɗe a rairayi mai zafi sai ta gasu, abin da ya rage kuma gara da ɓeraye su raba.

Ana cikin haka, a bakin damina ta biyu, aka haife ki, Rabi. Tun da ba haihuwar fari ba ce, uwarku ba ta tafi gida ba, sai kakarku Inna Tsahara ta zo ta yi mata wankan jego. Ku ƴaƴan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon talabijin ba za ku gane ba. A zamaninmu suruka ba abin haɗa ido ba ce. In na hango ta sai in cire takalmi in durƙusa daga nesa, in gaishe ta ina kallon ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Tsakar gida ta baya ta zama wurinta, nan take hura wuta, nan tukunyar ruwan zafi take, nan take wanki da ɗaurin ƙirji. Wane ni in leƙa! Na kwashe tabarmata na koma ɗakin aiki. Dokar tsohon soja ta zagaya waya kuwa, sai na rage ta: in duba sandar gaban bariki, ta bayan gida in bar wa Allah. Na dai ce wa uwarku ta bakin ƙofa:

“Ki gaya wa Inna kar a taɓa wayar nan.”

Ta ce to. Ba ta faɗa ba. Yanzu take ce mini, ta yaya za ta dubi uwar da ta bar gidanta ta zo tana ɗaukar mata ruwan zafi safe da yamma, ta ce mata ga inda za ta taɓa ga inda ba za ta taɓa ba? Ban ga laifinta ba, ko da yake na daɗe kafin in kai ga rashin ganinsa.

Bayan suna da ƴan kwanaki, da azahar, na kira Tasawa. Suya ta cika kunne, irin ta bakin damina. Muryar Abarshi kuwa can ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya, tana zuwa tana ɗaukewa. Allura ta kwanta. Na yi ta “Alo Tasawa, alo Tasawa”, ban tsinci ko kalma uku ba. Ban taɓa jin ta mutu haka ba, na ce a raina lalle yau Tasawa ta sha ruwa. Ina ajiye abin kunne sai na ga inuwa a taga. Baba Nomau ne, ya shigo gari dubo jikarsa. Na zube ƙasa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce:

“Shamuwa ta zo, gawo ya zubar. Ni dai ban ga hadari ba. Kai mi abinka ya ce?”

Tsohon da ya raina ni, yau ga shi a tagata! Na miƙa masa abin kunne da hannu biyu. Ya riƙe shi nesa da kunnensa kamar zai cije shi, ya saurara.

“Wannan ai suya ake yi.”

“Ruwa ne, Baba. Yanzu haka yana zuba a Tasawa. Kafin magariba yana nan.”

“Yaro, ka tabbata? Irin da ke rumbuna shi ke nan gare ni. In na zuba shi, ba ni da na sakewa.”

Da na yi shiru a nan, ko na ce Allah ne masani, da yau sunana Malam Isuhu kamar kowa. Amma bakina ya riga hankalina.

“Baba, in ba a yi ruwa yau ba, a sake mini suna.”

Ya hau jakinsa ya tafi, har yana dukansa, abin da bai saba ba. Na ji daga baya cewa da ya isa bai sha wahalar tara mutane ba. Cewa kawai ya yi akwatin surukinsa ya ce yau, sai ƙauye ya fito da sungumi, mata suka dama fura, aka kira makaɗi.

Da la'asar na sake kiran Tasawa, ina murmushi, don in ji yawan ruwan da suka samu. Sai ga muryar Abarshi tar, kamar yana zaune a kan tabarmata.

“Alo Mayahi. Kai, ina ka shiga da azahar? Na yi ta kira ban ji ka ba.”

“Ai ruwanku ne ya kashe magana. Ya yi yawa?”

“Wane ruwa? Mu nan rana za ta fasa mana kai. Ko kare ya ƙi fita.”

Ban san lokacin da na hau kekena ba. Keke ne sabo, baƙi, mai ƙararrawa, duk Mayahi ba su fi uku ba. Na yi ta tuƙi cikin rairayi ina faɗuwa ina tashi, ina addu'ar in tarar ko rabin irin bai shiga ƙasa ba. Ina isowa ana rufe ramin ƙarshe da diddige. Da suka hango ni sai mata suka rangaɗa guɗa, makaɗi ya juyo da ganga kaina yana yi mini kirari, wata tsohuwa ta cusa mini ƙwaryar fura a hannu. Na dubi gabas, sama fes kamar an wanke ta. Na sha furar nan, wallahi ban san ɗanɗanonta ba. Mutane suka zauna bakin gona suna jiran ruwa har rana ta faɗi, sannan suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba mai ce mini sai da safe.

Washegari da safe magana lafiya lau. Da azahar kuma ta sake mutuwa, daidai irin ta jiya. A nan jikina ya ba ni. Na jawo akwatin batura zuwa gindin katanga, na hau, na yi abin da ban taɓa yi ba, na leƙa tsakar gida. Inna Tsahara ta ba ni baya tana ƴar waƙarta. A kan wayar gwamnati kuwa, tun daga ƙwan tangaran har bangon ɗakin aiki, zannuwan jego ne jere, jiƙe sharkaf, da tsummokaranki, Rabi, suna ɗiga. Wani zane ya naɗe tangaran ya manne da sanda, wani yana shafar katanga in iska ta kaɗa. Ruwa dai ya sauka a kan antan, ban yi ƙarya ba, sai dai daga ƙwaryar wanki ya fito. Da safe ba ta gama wanki ba, da la'asar ta kwashe, shi ya sa azahar kaɗai ke mutuwa. Har na ji tana ce wa uwarku:

“Ke, mijin nan naki ya iya ɗaura igiya. Ba ta lotsawa, ba ta ɓata zane.”

Na sauko daga kan akwatin a hankali, na zauna a ƙasa na riƙe kai. Uwarku kaɗai na gaya wa abin da na gani.

Kwana tara ba a yi ruwa ba. Irin ya gasu. Zabin ƙauye suka yi ƙiba a gonar Baba Nomau. Ran na goma ya aiko a kira ni, na tarar da shi a gindin tsamiya da dattawan ƙauye kewaye, har da waɗanda suka yi masa gayya. Na durƙusa. Ya ce:

“Abu ɗaya nake so in ji. Akwatin ne ya yi ƙarya, ko kai?”

Gaskiya tana kan harshena, kuma da na faɗe ta da na fita fes. Amma sai na hango abin da zai biyo baya. Za a ce Tsahara ce ta shanya zane ta kashe gyaɗar mijinta. Mata za su sa ta a waƙar daka, yara za su bi ta da ita har rijiya, tsohon kuma da zuciyarsa ban san abin da zai furta a gaban mutane ba. Matar da ta zo ta wanke mini iyali! Kuma in an bi ta a hankali, ita ba wanda ya gaya mata, ni ne na bar zagaya wayata, ni ne kuma na yi rantsuwa da sunana. Na ce:

“Akwati bai yi ƙarya ba, Baba. Ni ne ban iya ji ba.”

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya wajen dattawa.

“To, shi ya ce a sake mishi suna. Ga Isuhu Hadari nan, mai tasowa ba ya zuba.”

Aka fashe da dariya, har wani tsoho ya ƙware. Kafin in kai gida sunan ya riga ni isa kasuwa.

Kekena na ba wani ɗan kasuwa ya ba ni irin gyaɗa, na kai wa tsohon a kan jakin aro. Ya karɓa. An shuka a makare, ta ba da abin da ta ba da, bai kai rabin na kullum ba, amma gidan bai rasa iri ba a shekara mai zuwa. Ni kuma na koma tafiya da ƙafa, na daina rataya abin kunne a wuya, masu tambaya a taga suka ɗauke sai masu tsokana. Saura matsala ɗaya: arba'in ba ta cika ba, kuma kullum da azahar Tasawa ba ta jina. Ba ni da bakin hana Inna. Sai na samo doguwar sanda, na jira ta fita gaisuwa, na ɗage wayar sama inda ko raƙumi ba zai kai ba, na ce umarni ne daga Maradi. Da ta dawo ina jiyo ta ta katanga:

“Wane marar aikin yi ne ya ɗage mini igiya?”

Bayan ta koma gida, da kaka ta yi, sai ga saƙo daga ƙauye: igiyar rama sabuwa, tufkar hannu, mai kyau, an ce Inna ta ce a ba ni. Ba wata magana. Na ce wa uwarku me zan yi da igiya, ni da ba ni da akuya? Ta ce in karɓa dai. Shekara ta zagayo, ga wata. Haka ta yi ta aiko mini da igiya kowace kaka har ta bar duniya, kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa haɗa ido ba, balle mu yi zancen.

Bayan rasuwarta na je gaishe da Baba Nomau. Ya tsufa ƙwarai, kunyar da ke tsakaninmu ta ɗan yi sauƙi, har yana barina in zauna a gefen tabarmarsa. Muna zaune sai ya ce:

“Hadari, ka san na sani?”

Na ce me ya sani?

“Zancen zannuwa. Ranar da ka ɗage waya ɗiyata ta gaya wa uwarta dalili. Tsahara ta dawo gida tana kuka, ta ce in tara mutane in wanke ka. Na ƙi.”

“Baba, shekara nawa ana yi mini dariya!”

“Na sani, ai ni na fi kowa yi. In na daina kiranka da shi mutane za su tambayi dalili. Kai ka durƙusa gaban jama'a ka rufa wa matata asiri da sunanka. In na tona, na zubar da abin da ka ba ta a ƙasa.”

Ya share ido da bakin rigarsa, sannan ya ƙara:

“Amma fa kai ma da wauta. Ana rantsuwa da ruwan da ba a gani ba?”

Na yi dariya har hawaye suka zubo mini, kuma ba duka na dariya ba ne. Ina ƙaunar tsohon nan, ban taɓa samun bakin gaya masa ba.

Tsohuwar igiyar nan da ke rataye a ƙusa a ɗakina, wadda kullum kuke cewa a jefar, ita ce ta ƙarshe da Inna Tsahara ta tufka. Kar wanda ya taɓa ta. Sunan kuma ku daina dambe a kansa, ku bar mini abina. Da kekena na saye shi, kuma ban yi asara ba.